Godiyar Minti Biyu

"Umma, mu ma ɓarayi ne, ko Baffa ne kaɗai?"

'Yata ce ta jefo tambayar daga bakin ƙofar shago, jakar makaranta na rataye a bayanta. Shekararta shida, muna ce mata Aku don bakinta bai san hutu ba. Duk ranakun duniya ba ta tashi yin wannan tambaya ba sai da ta ga baƙi uku a shagon: wata jami'a da kotu ta turo riƙe da fayil, wani dogo mai ɗaukar hoto, da ɗan sanda da ya jingina da bango yana latsa waya.

Ɗan sandan ya kau da kai yana danne dariya. Jami'ar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ɓare wata farar takarda mai gam, ta liƙa a jikin injin wankina, daidai saman ƙofar gilashin, ta bi ta da tafin hannu. An rubuta 47 a kai da jan biro.

"Wuce ciki ki cire yunifom," na ce wa Aku. "Ki sha ruwa kofi biyu, ina zuwa in duba."

"Ba ki ba ni amsa ba."

"Ba mu ɗauki na kowa ba. Wuce."

Da ta shige na juya ga jami'ar. "Ranki ya daɗe, wannan injin nawa ne. Da gumina aka saye shi."

"Kowa haka yake cewa, Madam," ta ce tana rubutu. "Yanzun nan a hawa na uku wata ta rantse mana kifayen da ke cikin gilashi nata ne, tun suna ƙwai." Ta juyo da fayil ɗin ta nuna min wani layi da bakin biro. Umarnin kotu ya haɗa da benen gaba ɗaya, da duk wani kaya da aka saya da sunan kamfanin mai laifin. Injina na cikin jerin, tsakanin janareta da firji mai ƙofa biyu. "Kar ki cire takardar, kar ki gusar da shi, kar ki sayar. Aikinki dai ki ci gaba kafin a zo ɗauka. In kina da ja, kwana ashirin da ɗaya gare ki ki kai wa kotu."

Lokacin injin na tsakiyar juya zannuwan gadon wani otal. Suka fita suka bar ni ina kallon kumfa na birgima a ƙarƙashin lambar.

Mai laifin nan yayan mijina ne. Yara na ce masa Baffa, mu manya Babban Yaya, kuma ko a waya ake magana da shi sai ka ga mutum ya ɗan rusuna. Shekara tara yana jami'in sayayya a ma'aikatar da ke saya wa asibitoci kayan aiki. Ya buɗe kamfani a gefe, ya riƙa ba kansa kwangila, injinan gwajin jini da gadajen marasa lafiya suna isowa a takarda kawai. Ni na san abin da hakan ke nufi, don Aku na da sikila. Duk wata sai na kai ta asibiti, duk wata sai a ce mana injin gwaji babu, mu je na kuɗi. Ban taɓa haɗa wannan da sababbin motocin da nake gani a harabar gidanmu ba. Ko dai na haɗa, na yi saurin kau da kai. Kotu ta ɗaure shi shekara bakwai, ta ce a tattara abin da ya tara a mayar inda ya fito.

Ɗaurin bai hana ni cin abinci ba. Da ni aka tambaya da na ƙara masa uku.

Benen nasa ne, ya ba mu ɗaki biyu da shago a ƙasa, wai kyauta. Gaskiya ne ba mu biyan haya da kuɗi, da gaisuwa muke biya, safe da yamma, da tashi tsaye duk sa'adda motarsa ta shigo. Mutum ne da bai iya ba da ko alewa a ɓoye ba. In zai ba maigadi tsohuwar riga sai an kira direba ya ɗauki hoto. Har gidauniya ya kafa, da shafinta a intanet, inda za ka gan shi yana miƙa buhun shinkafa, idonsa ba ya kan mai karɓa, yana kan waya.

Ni kuwa shekara huɗu na yi ina wanki da hannu. Robobi uku a bayan gida, daga fitowar rana har ta yi tsaka, fatar yatsuna ta tsattsage, garin sabulu na shiga kamar barkono. Na tara abin da na tara, na haɗa da 'yan kunnen gwal da sarƙar da mahaifiyata ta bar min. Da abin ya kai kuɗin babban inji mai cin kilo ashirin, na ce wa mijina zan je kanti da kaina. Shi malamin firamare ne, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga min murya ba. Matsalarsa ɗaya ce: da an ambaci yayansa sai ƙashin bayansa ya narke.

"Ki ba Yaya mana," ya ce. "Kamfaninsa na samun ragi. Kuma in ya ji kin saya a waje ba da saninsa ba, ba zai ji daɗi ba."

Na zuba kuɗin a baƙar leda, shi ya hau da su sama. Babu takarda, babu shaida. Wa ya isa ya ce Babban Yaya ya sa hannu? Bayan mako biyu inji ya iso. Da na tambayi rasit aka ce yana ofis, akanta na aiki da shi.

Ranar da zan buɗe shago niyyata in jona injin in zuba kaya, shi ke nan. Sai ga Babban Yaya ya sauko da mutum goma sha wani abu, an ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, an ɗoro almakashi a faranti. Direba ya ɗaga waya. Ya gyara murya, ya ce ya daɗe yana ganin wahalar matar ƙaninsa, zuciyarsa ta kasa ɗauka, shi ne ya ga ya dace ya saya mata wannan inji ta dogara da kanta. Aka tafa. Na kalli mijina. Ya matso ya raɗa min: "Bar shi, girma ne. Me zai rage ki da shi? Inji dai na hannunki. Je ki yi godiya, ana kallo."

Na je. Na durƙusa a gaban mutane, Aku na riƙe da gefen rigata, na ce na gode, Allah ya ƙara buɗi, ban san da wane baki zan gode ba. Har da hawaye. Na takaici ne, amma waya ba ta san bambanci ba. Minti biyu da 'yan daƙiƙai. Kafin yamma abin yana shafin gidauniya, dangi na ta zuba addu'a a ƙasa.

Washegarin zuwan jami'an na bar mijina da guga, na tafi ofishin lauyoyin da ke taimaka wa marasa hali. Aka haɗa ni da wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, teburinsa cike da fayil har ba wurin ajiye kofi. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ba, ya ce in dawo bayan kwana uku zai karɓo takardun masu ƙara.

Da na dawo ya juyo min da kwamfuta. "Wannan ke ce?"

Ni ce, a durƙushe, ina share ido da bakin mayafi.

"Kin iya godiya, 'yar nan," ya ce. "Da a fim ne da kin samu kyauta. Ga kuma rasit." Ya turo min kwafi. Sunan kamfani a sama, hatimi a ƙasa. Idona ya sauka kan farashin, na sake dubawa. Bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na zuba a ledar nan ba.

"Ashe ragin ya samu," na ce.

"Ya samu. Bai dai sauko bene ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Bari in faɗa miki yadda alƙali zai kalli abin. Rasit ya ce na kamfani ne. Mai kamfani ya ce shi ya saya. Ke kanki kin ce shi ya saya, a kan gwiwoyinki. Mai gwal zai iya shaida cewa kin sayar masa da sarƙa, amma bai san inda kuɗin suka je ba. Mijinki zai yi shaida, za a ce miji ne. Abu ɗaya ne zai yi nauyi: shi mutumin ya yi rantsuwa a rubuce cewa kuɗinki ya karɓa, kuma abin da ya faɗa a bidiyon ƙarya ne. Ba zai ƙara masa ko kwana ɗaya ba, an riga an yanke. Layi huɗu ne. Zan rubuta, ki kai masa, in ya yarda in tafi da mai rantsarwa."

Kafin in je gidan yari mijina ya ce ladabi shi ne mu fara sanar da Inna, mahaifiyarsu. Muka same ta a falonta da rana, dangi sun cika kujeru kamar gidan makoki. Matar Babban Yaya, wadda muke ce wa Anti, tana kwance a doguwar kujera da tawul mai sanyi a goshi, tana lissafa motocin da aka liƙa wa lamba, kowace da sunan da take kiranta da shi. Wuyanta da hannayenta fayau, ba ko zobe. Kowa a ɗakin ya san akwatin gwal ɗinta ya yi tafiya gidan ƙaninta mako guda kafin hukunci, kowa kuma yana taya ta kukan talauci.

Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni a taƙaice.

"Ikon Allah," in ji Anti daga ƙarƙashin tawul. "Mutum na ɗaure, ke injin wanki ne damuwarki."

"Shi ke biyan asibitin Aku, Anti."

"Da wa ya saya miki shi?" wata gwaggon mijina ta tsoma baki. "Ba mu gani a waya ba? Ba ke kika yi ta kuka kina godiya ba? Yau ya faɗi, kin manta."

Na juya wajen mijina. Shi ya ɗauki ledar, shi ya hau bene da ita. Yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Inna, yana nazarin zanen kafet kamar jarrabawa za a yi masa a kai.

"Malam," na ce, "faɗa musu."

"Eh to," ya ce. "Akwai dai kuɗin da ta bayar."

"Akwai dai," na maimaita.

Inna ta ɗaga hannu. Ta ce ita ba ta hana ni zuwa ba, amma in ji tsoron Allah, kar in je in ƙara wa ɗanta baƙin ciki, mahassada sun riga sun gama da shi. Shekara tara yana kwashe gadajen marasa lafiya, amma a falon nan mahassada ne suka yi laifi. Na ɗauki jakata na yi musu sai an jima.

A hanya mijina ya ce, "A kotu zan faɗi komai, wallahi. Gaban Inna ne kawai."

"Na sani," na ce. Ban ƙara ba, don in na ƙara ba zan tsaya ba.

Ranar ziyara muka bi layi tun safe. Aka caje mu, aka soke burodin da muka kawo da tsinke, aka buɗe sabulu aka shinshina. Ɗakin ziyara dogon benci ne da tebur a tsakiya, fanka ɗaya na juyawa kamar ba ta so. Aka fito da shi. Tumbin ya sauka, rigar gidan yari ta yi masa yawa, amma tafiyar tana nan, irin ta mai shigowa taro a makare yana jiran a miƙe masa. Mijina kuwa ya miƙe.

Na tura masa ledar kayan. Ya leƙa ciki, ya zaro sabulu biyu da gwangwanin madara, ya ɗaga murya ya kira gandiroban da ke bakin ƙofa. "Ofisa, zo ka kai wa yara." Gandiroban ya karɓa yana godiya. Babban Yaya ya waiwaya ya tabbatar sauran masu ziyara sun gani. Madarar da na saya da kuɗin gugar kwana biyu.

"Ya 'yata?" ya ce. "Tana shan magani?"

"Tana sha, Yaya. Maganarta ce ma ta kawo ni."

Na ajiye takardar a gabansa. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, irin karatun da bai yi wa takardun kwangila ba. Da ya kai ƙarshe ya yi murmushi.

"Wa ya rubuta miki wannan?"

"Lauya."

"Wato in sa hannu cewa ni maƙaryaci ne."

"Ka sa hannu cewa kuɗina ne, Yaya. Ka san nawa ne. Ga wanda ya kawo maka su a zaune."

Bai kalli ƙanin nasa ba. Ya jingina ya haɗa yatsu a kan ciki. "Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Sun ɗauki gidajena. Sun ɗauki motocina. Ko agogon hannuna yana cikin jerinsu. Abu ɗaya ne ba su iya liƙa wa lamba ba, mutane sun san ni mai alheri ne. Bidiyon nan naki mutum dubu nawa suka kalla? Lauyana ma zai sa shi a ɗaukaka ƙara, a ga irin mutumin da aka ɗaure. Yanzu ki zo ki ce in tsaya in ce ƙarya na yi? In na ce naki ƙarya ne, gobe a ce na marayu ma ƙarya ne."

"Na marayun gaskiya ne?"

"Ke," in ji mijina a hankali.

Babban Yaya ya yi dariya, wai shi mai haƙuri da yara. "Bakinta ne 'yar ta gado. Saurara. Wa ya ba ku ɗaki? Wa ya ba ki shago? Shekara nawa kuna zaune a inuwata? In an haɗa lissafi, inji nawa ke nan? Ki yi haƙuri, in na fito zan saya miki biyu, har da na busarwa."

"Shekara bakwai, Yaya. Asibitin Aku duk wata ne."

"Allah zai rufa asiri."

Ya turo min takardar da yatsa ɗaya, ya juya ga ƙaninsa yana tambaya ko shafin gidauniya na nan, ko an rufe. Na zauna ina kallon bakinsa yana motsi. Na daɗe ina tsoron mutumin nan, ina gyara mayafi in na ji takunsa a matakala. A bencin nan na nemi tsoron na rasa. Wani ƙaramin mutum ne kawai a cikin riga mai yawa, wanda ya fi son a tafa masa a kan yarinya ta samu gwajin jini. Da lokaci ya cika mijina ya durƙusa ya yi masa sallama. Ni na ninke takardata na yi gaba.

Zaman kotu bai kai minti arba'in ba. Alƙaliyar mace ce mai sanyin murya, ba ta wulaƙanta ni ba. Mai gwal ya zo ya faɗi nasa. Mijina ya cika alkawari, ya faɗi komai, baƙar leda da hawa bene da raɗar da ya yi min, bai rage ko ɗaya ba. Sai lauyan gwamnati ya sa aka kunna bidiyon a babban allo. Ya tsayar da shi a tsakiya, ya nuna wani mutum a gefe.

"Malam, wane ne wannan mai tafin?"

"Ni ne."

"Da ƙarfi kuwa kake tafawa."

Aka yi 'yar dariya a baya. Alƙaliyar ta dube ni ta saman tabarau. "Baiwar Allah, tambaya ɗaya gare ni. In kayanki ne, me ya sa kika durƙusa kika gode?"

"Don a zauna lafiya, ranki ya daɗe. Yayan mijina ne."

Na ga alamar ta gane, wataƙila ita ma tana da nata Babban Yayan. Amma ta ce kotu da takarda take aiki, takarda da bidiyo sun tafi hanya ɗaya, ba ta da abin da za ta dafa ta saki kayan. Ta kori ƙorafin. A waje lauyana ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, sai dai kafin a saurara an daɗe da yin gwanjo.

Suka zo da babbar mota ranar wata Talata da hantsi, lokacin Aku na makaranta, wannan kaɗai na roƙa kuma jami'ar ta yi min. Na kwashe kayan mutane daga ciki, na goge gilashin, na naɗe tiyo da waya na ɗaure da igiya don kar su ja a ƙasa. Mutum huɗu suka ɗaga shi. Na ce su kula da ƙafar baya. Inda ya tashi ya bar murabba'i mai tsabta a siminti. A makon ne kuma muka kwashe namu muka koma ɗaki ɗaya a bayan makarantar da mijina ke koyarwa, don benen ma an sa masa ranar gwanjo.

Na je gwanjon. A wani fili aka yi, bayan rumbun ajiyar kotu, kaya jere a rana kowanne da lambarsa: kujerun falo, talabijin shida, injin motsa jiki da Babban Yaya bai taɓa hawa ba, gilashin kifi babu kifin. Abin da ban zata ba shi ne fuskokin. Rabin masu ɗaga hannu na san su. Ga mutumin da ya riƙe farantin almakashi ranar buɗe shagona, yana ƙwanƙwasa firji yana cewa ai kayan sata ba su da albarka, a rage. Ga sakataren gidauniya yana gwada kujera da mazaunansa. Ga ƙanin Anti a gaba, da sabon agogo, ya saye motoci biyu ba tare da ya buɗe murfin ko ɗaya ba, ya fita gefe yana waya yana cewa, "An gama, ki kwantar da hankalinki."

Da aka zo kan injina na ɗaga hannu da abin da na samu a makonnin ƙarshe. Sau biyu na ɗaga. A na uku wani mai gidan wanki a titin otal-otal ya ɗora abin da ko mafarkinsa ba na yi, mai gwanjo ya buga guduma. Ina tsaye aka rubuta masa rasit, da sunansa, harafi bayan harafi, ya duba ya ce a gyara wani wasali.

Mai gidan wankin ya same ni a bakin ƙofa. Ya ce an gaya masa ni ke aiki da injin, kuma otal biyu da nake yi wa wanki sun ce zannuwansu ba su taɓa fari irin na hannuna ba. Yana neman wadda za ta riƙe masa sashen safe. Albashi ne, ba yawa.

Na so in ce masa ya riƙe abinsa. Bakina har ya buɗe. Sai na tuna ranar asibiti saura kwana tara.

"Ƙarfe nawa ake buɗewa?" na ce.

Yanzu wata biyar ke nan. Ina kai Aku makaranta, in wuce in sa rigar aiki, in zuba zannuwan otal a injin da na saya da sarƙar mahaifiyata, in an yi wata a ba ni albashi. Ba a fasa gwajin Aku ko sau ɗaya ba. Mijina ya ɗauki darasin yamma a gidaje biyu, kuma shi ke wankin gidanmu a roba, ban sa shi ba, ban kuma hana shi ba. Ranar ziyara yana tafiya shi kaɗai. An ce Babban Yaya ya zama shugaban masu rabon abinci a ɓangarensu, yana tsayawa a kan tukunya ana yi masa godiya. Na buɗe asusu da sunana, ina tarawa a hankali. Wannan karon ƙarami zan saya, da ƙafata zan je kanti.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, ban rubuta don a tausaya min ba. A kusan kowane dangi akwai mai mota da ba a tambayar inda ya samo, ana dai miƙewa in ya shigo. Ranar da kotu za ta aiko a kwashe nasa, ba za ta tambayi wanda ya yi gumi ba, takarda za ta duba. Duk abin da kika saya, ko cokali ne, a rubuta sunanki a rasit, ki karɓa a hannunki kafin ki bar wurin. Kar ki bi ta kamfanin kowa don ragi. Kar ki miƙa kuɗi a leda don kunya. In kuma aka ɗaga waya aka ce ki durƙusa ki gode wa wani a kan abin da bai ba ki ba, ko wane ne ya raɗa miki, ko mijinki ne, ko uwarsa na kallo, ki tsaya a kan ƙafafunki ki ce naki ne, da ƙarfin da wayar za ta ɗauka. Za su ce ba ki da kunya. Ki bar su su faɗa.